Kuɗin ci-rani bayan gurguzu: yadda wani gida a Lushnja ta Albaniya ya yi asara, ya sake tashi

## Asali: kafin 1991

Gidan da wannan nazari ya bi sawunsa yana wani ƙauye a gundumar Lushnja, cikin shimfiɗaɗɗen filin Myzeqe a yammacin Albaniya. Maigida da uwargida manoma ne, da ƴaƴansu uku, maza biyu da mace ɗaya. A da yawancin filin fadama ce mai sauro da zazzaɓi. Gwamnatin gurguzu ta Enver Hoxha, wanda ya riƙe ƙasar daga 1944 har mutuwarsa a 1985, ita ta janye ruwan, ta haƙa magudanai, ta mayar da wurin rumbun alkamar ƙasa. Gandun haɗaka na farko a Albaniya ma a wannan gunduma aka kafa shi, a ƙauyen Krutja, a 1946.

A gandun haɗaka ba mai gona tasa. Mutum ya fita aiki, a rubuta masa kwana, a biya shi abin da bai wuce na burodi ba. A 1981 aka tattara har ƴan dabbobin da suka rage a hannun mutane aka haɗe su garke ɗaya, madara da nama suka yi wuya a ƙauyuka. Ba a yarda mutum ya mallaki mota ba. Tsallaka iyaka kuwa cin amanar ƙasa ne: a harbe mai gudu ko a ɗaure shi, danginsa a kai su ƙauyukan tsare mutane, waɗanda wasunsu a nan Lushnja suke. Har maigidan ya manyanta bai taɓa ganin kamfani mai zaman kansa ba, bai taɓa cin bashin banki ba, bai kuma san iyakar ribar da sana'a ta gaskiya kan kawo a wata ba. Maƙwabtansa ma haka suke.

## 1991–1992: gandu ya watse, babban ɗa ya fita

Da mulkin ya fara sassauci, gandun ya watse cikin ƴan watanni. Mutane suka kwashe abin da hannu ya kai gare shi: tubalin rumbuna, bututun ban ruwa, injuna, har itatuwan lambu aka sare. A ranar 19 ga Yuli 1991 majalisa ta zartar da doka mai lamba 7501, wadda ta raba ƙasar gandu gwargwadon yawan mutanen kowane gida. Kamar yawancin gidaje, wannan gida ya samu hekta ɗaya da ɗoriya, ita ma yanki-yanki a wurare daban. Ga gona, amma ba taki, ba tarakta, magudanan ruwa sun cushe, dokar kuma da farko ta hana sayar da ƙasar.

A birni abin ya fi muni. Masana'antu sun tsaya, tattalin arzikin ƙasar ya ragu da fiye da kashi 25 cikin 100 a 1991, hauhawar farashi ta haura kashi 200 cikin 100 a 1992. Sojojin Italiya ne suka riƙa shigo da taimakon abinci. Matasa suka nufi ƙofa. A Yuli 1990 mutum wajen 5,000 suka haura katangun ofisoshin jakadancin ƙasashen Yamma a Tirana, babban birnin ƙasar. A Maris 1991 dubbai suka isa Brindisi ta Italiya a jiragen ruwa, a ranar 8 ga Agusta kuma jirgin ruwa mai suna Vlora ya isa Bari, ita ma a Italiya, ɗauke da mutum wajen 20,000, aka tsare su a filin ƙwallo, aka mayar da yawancinsu gida.

Babban ɗan gidan bai bi teku ba. Ya bi ayarin samari zuwa kudu, suka haura duwatsun iyakar Girka da ƙafa cikin dare, ba fasfo ba biza. Ya yi tsinkar zaitun da lemo, ya yi leburanci a wurin gini, daga bisani ya tsaya a tsibirin Kirit, a yankin Ierapetra, inda ake noman tumatir da kokwamba a ƙarƙashin manyan rumfunan leda. Abin da yake samu a kwana biyu ko uku ya kai albashin wata na ma'aikaci a gida.

## 1992–1995: kuɗi na shigowa, ba wurin ajiya

Kuɗin farko ciki ya cinye su: gari, mai, sukari, magani. Sai talabijin da firji da murhun gas. Ba a ga laifin kowa a nan ba, gidan ya daɗe cikin rashi.

Matsalar farko ita ce hanyar aiko da kuɗin. Marar takarda ba ya buɗe asusun banki a Girka. Sai dai ya ɗinke dirakma, kuɗin Girka na lokacin, a cikin riga, ko ya damƙa wa ɗan ƙauyensu mai komawa gida, hanyar dutse kuwa akwai ƴan fashi. Ƴan sandan Girka kuma kan yi samame su kwashe baƙi su zube su a iyaka. A 1993 da 1994, lokacin da gwamnatocin biyu suka yi tsamin dangantaka, an koro dubun-dubatar Albaniyawa. Babban ɗan ma an taɓa kama shi a irin wannan samame, ladan da yake bin mai gona ya tafi ke nan, ya sake haura dutsen daga farko.

Matsala ta biyu ta fi ta farko girma, ko da yake ba a gane ta da wuri ba. Kuɗin da ya iso gida, ina za a sa shi? Bankuna uku na gwamnati ne ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na ajiyar jama'a. Aikinsu na tafiyar hawainiya, basussukan da suka bayar da yawa ba a biya ba, har babban banki ya taƙaita musu ba da rance. Ɗan kasuwa mai neman jari ba ya samu a banki, mai kuɗin ci-rani kuma bai yarda da banki ba. Sai su biyun suka haɗu a waje: ƴan canji a bakin titi, rance tsakanin dangi, da kamfanonin da ke karɓar ajiya suna biyan kashi 4 zuwa 5 cikin 100 duk wata.

Ɗaruruwan miliyoyin daloli ke shigowa ƙasar kowace shekara daga ƴan ci-rani. Daga 1993 zuwa 1996 tattalin arziki na ƙaruwa da wajen kashi 9 cikin 100 a shekara, ana nuna Albaniya a matsayin abin koyi a cikin ƙasashen da suka fito daga gurguzu. A ƙauyen, maigida ya ɓoye kuɗin ɗansa a gida, ya fara aza harsashin sabon gini.

## 1996: kamfanonin ninka kuɗi

Manyan kamfanonin da ke karɓar ajiya, irin su VEFA da Gjallica da Kamberi, suna da wasu kadarori na a-gani: otal, gidan mai, kantuna, gonar kaji. An yi imani cewa wasunsu na samun kuɗi daga fasa-ƙwaurin mai zuwa Yugoslaviya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa takunkumi. A ƙarshen 1995 aka dakatar da takunkumin, wannan ƙofa ta rufe. Daga nan abin da ya rage shi ne a biya tsohon mai ajiya da kuɗin sabo, kuma don sabo ya zo dole a ƙara masa riba.

A farkon 1996 ribar ta koma kashi 6 a wata, a lokacin zaɓen Mayu ta kai 8, a Yuli Kamberi ya kai ta 10. Sai sababbi suka shigo waɗanda ba su da kadarar komai, suna kiran kansu gidauniyar taimakon jama'a. A Satumba Populli ya yi tayin fiye da kashi 30 a wata. A Nuwamba Xhaferri ya yi alkawarin ninka kuɗi sau uku cikin wata uku, Sude kuma, wanda wata tsohuwar ma'aikaciyar masana'antar takalma ke gudanarwa a Tirana, ya ce zai ninka sau biyu cikin wata biyu. Xhaferri da Populli kaɗai sun tara masu ajiya kusan miliyan biyu, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan uku da ɗoriya ba.

Ga mutanen Lushnja, Xhaferri na gida ne. Mai gidauniyar shi ke ɗaukar nauyin ƙungiyar ƙwallon garin, a ƙarshen 1996 har ya ɗauko Mario Kempes, gwarzon Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 1978, ya zama kocinta. Manyan jami'an gwamnati na halartar bukukuwan manyan kamfanonin, talabijin na tallata su. Asusun IMF da Bankin Duniya sun yi ta jan kunne, amma sai a Oktoba ministan kuɗi ya fito ya gargaɗi jama'a.

Maigidan ya yi jinkiri fiye da maƙwabtansa. Ya fara da kaɗan, aka biya shi a kan lokaci, ya ga kuɗin da idonsa. Daga nan ya tsayar da ginin, ya kai ajiyar ɗansa gaba ɗaya, ya sayar da shanun da suka saya bayan rabon gandu, ya raba kuɗin gida biyu, rabi Xhaferri rabi Gjallica, a ganinsa ya yi taka-tsantsan. Uwargida ba ta so sayar da shanun ba. Ribar da aka biya su ma ba su ci ba, sun mayar da ita ciki.

Wannan cuta ba Albaniya kaɗai ta kama ba. Romaniya ta yi Caritas, Rasha ta yi MMM ta Sergei Mavrodi wadda ta ruguje a 1994, ita ce kuma ta sake ɓullowa a Nijeriya da alkawarin kashi 30 a wata kafin ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. Abin da ya bambanta Albaniya shi ne girman abin: bashin da ke kan kamfanonin ya kai kusan rabin abin da ƙasar ke samarwa a shekara.

## 1997: rugujewa

A ranar 19 ga Nuwamba 1996 Sude ya kasa biya. A farkon 1997 Sude da Gjallica suka durƙushe. Gwamnati ta ƙwace abin da ke asusun Xhaferri da Populli a banki, kimanin dala miliyan 250. A ƙarshen Janairu tarzoma ta ɓarke a Lushnja, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka tsare ministan harkokin waje Tritan Shehu da ya zo lallashin jama'a, aka yi masa duka. Daga birnin Vlora bore ya bazu a kudu. A ranar 2 ga Maris aka kafa dokar ta-ɓaci, sojoji suka watse, aka fasa rumbunan makamai aka kwashe ɗaruruwan dubban bindigogi. Mutum wajen 2,000 suka mutu. A ranar 28 ga Maris wani jirgin ruwa mai ɗauke da masu gudu ya nutse a mashigin Otranto bayan karo da jirgin yaƙin Italiya, fiye da mutum 80 suka halaka, da yawansu mata da yara. A Afrilu rundunar ƙasashen waje ta sojoji wajen 7,000 ta shigo ƙarƙashin jagorancin Italiya. Jam'iyyar Soshalis ta ci zaɓen Yuni, Shugaba Sali Berisha ya sauka a Yuli.

Asarar jama'a ta kai kimanin dala biliyan 1.2. Gwamnati ta ƙi biyan diyya daga baitulmali. Daga kuɗin Xhaferri da aka ƙwace gidan ya karɓi kusan rabin abin da ya zuba, daga Gjallica kuwa ba abin kirki da ya dawo. Abin da ya dawo ɗin ma darajarsa ta zube, don lek, kuɗin Albaniya, ya faɗi da wajen kashi 40 cikin 100 a kan dala a rabin farko na shekarar. Gumin shekara biyar ya tafi, shanu sun tafi, gini ya tsaya a harsashi. Gonar ce ta tsira. Ƙanin babban ɗan, wanda aka so ya zauna ya kula da iyaye, shi ma ya haura zuwa Girka.

## 1998–2008: takarda, gida, shago, mota

A 1998 Girka ta buɗe rajistar baƙi marasa takarda karo na farko. Mutum wajen 370,000 suka nema, kusan kashi biyu cikin uku Albaniyawa ne. An sake yin irinta a 2001 da 2005. Ƴan'uwan biyu suka samu izinin zama. Yanzu suna iya bin ƙofar kan iyaka ta Kakavija a mota, su zo hutun Agusta su koma, su buɗe asusun banki, su bi ladansu idan an hana su. Babban ya daina gudun ƴan sanda daga gona zuwa gona, ya zauna wurin mai rumfa ɗaya shekaru, har ya zama shi ke kula da sauran ma'aikata. Ƙanin ya shiga aikin gini a Atina, lokacin da ake shirin wasannin Olamfik na 2004.

Kuɗi ya dawo shigowa, fiye da na da. Amma bayan 1997 gidan bai ƙara yarda da takardar kowa ba, sai abin da ido ke gani. Bankuna sun canza: an kafa hukumar inshorar ajiya a 2002, a 2004 bankin Raiffeisen na Ostiriya ya sayi Bankin Ajiya na gwamnati. Duk da haka tsoro bai fita ba. A 2002 jin batun dokar inshorar kaɗai ya sa mutane suka yi layi suna kwashe kuɗinsu.

Sai aka zuba kuɗin a siminti. Aka gama hawa na farko, aka ɗora na biyu don babban ɗa, aka bar ƙarafa a tsaye a sama don na ƙanin. Tsofaffi biyu ne ke kwana a gidan wata goma sha ɗaya a shekara. A ƙasan bene aka buɗe shagon kofi da kayan masarufi, ƴar gidan da mijinta ke tsaro. Shaguna irinsa sun riga sun cika bakin titin, masu saye kuma tsofaffi ne masu jiran aike daga waje, rabin ciniki bashi ne a littafi. Ɗaukewar wuta ta sa'o'i a shekarun da madatsun kogin Drin masu ba da wutar suka yi ƙarancin ruwa ta riƙa lalata kayan firji. Aka sayi tsohuwar ƙaramar bas don jigila zuwa Lushnja da Fier, ita ma ta tarar da layi cike da irinta, gyara ya cinye ribar. Gonar kuwa alkama da ciyawar dabbobi ake zuba mata.

A 2007 kuɗin da ƴan ci-rani suka aiko Albaniya ya kai ƙololuwa, kimanin yuro miliyan 950.

## 2009–2013: Girka ta durƙushe

Rikicin bashin Girka ya fara kashe aikin gini. Rashin aikin yi ya kai kashi 27 cikin 100 a 2013. Sabunta izinin zama na buƙatar shaidar biyan inshorar aiki na wasu kwanaki a shekara, don haka wanda ya rasa aiki na iya rasa takarda. Ƙanin ya shiga wannan hali. Kuɗin aike na ƙasar baki ɗaya ya sauko zuwa ƙasa da yuro miliyan 600 a 2013. Binciken hukumar ƙididdiga ta Albaniya da hukumar ƙaura ta duniya ya nuna mutum fiye da 133,000 sun koma gida daga 2009 zuwa 2013, kusan kashi 70 cikin 100 daga Girka.

A ƙauyen, shagon ya mutu tare da aiken, don masu bashi ba su da abin biya. Aka rufe shi, aka sayar da bas ɗin da asara. Ƙanin ya dawo bai samu abin yi ba. A 2015 ya bi sahun Albaniyawa fiye da 50,000 da suka nemi mafaka a Jamus, aka ƙi shi kamar kusan dukkansu. Daga baya ya koma da kwangilar aiki, ta ƙofar da Jamus ta buɗe wa ƙasashen yammacin Balkan daga 2016.

## 2013 zuwa yau: rumfar leda

Babban ɗan ya dawo da ajiyar da ba ta kai wadda aka yi asara a 1997 ba, amma da shekara kusan ashirin a cikin rumfa. Ya san irin da ke jure sanyi, ya san dashen da aka yi wa aure, ban ruwa na ɗigo, haɗa taki a cikin ruwa, da lokacin buɗe leda don iska ta kashe cuta. Ya san kuma cewa kuɗin tumatir yana ga wanda ya riga kowa kai shi kasuwa.

Ya fara da ƙaramar rumfa a yankin da ya fi kusa da ruwa, ya haƙa rijiya, ya yi musayar wani yanki da maƙwabci don filin ya haɗu. Bai ci bashin banki ba, takardun ƙasar ma ba su kammala ba balle a karɓe su jingina. Kuɗin faɗaɗawa daga ribar kaka da taimakon ƙaninsa ya fito. Rumfar ba ta buƙatar injin ɗumama, rana ta ishe ta, ana kuma girbi sau biyu a shekara.

Ba shi kaɗai ba ne. Lushnja da Fier da Berat sun cika da rumfunan waɗanda suka koyo aikin a Girka da Italiya, har dillalai suka kafa wuraren tattara kaya da ɗakunan sanyi, manyan motoci na lodi zuwa Kosobo da Sabiya da Bulgeriya da Romaniya. Yarjejeniyar ciniki ta CEFTA ta sassauta kuɗin fito a yankin, babbar hanyar da aka buɗe zuwa Kosobo a 2009 ta rage tafiyar ƙwarai.

An sha wuya a nan ma. Ambaliyar Fabrairu 2015 ta shafi filin, inshorar amfanin gona kuwa kusan babu. Wata kakar farashi ya faɗi har a zubar da kaya. A 2023 Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin noma na IPARD ga Albaniya saboda zargin almundahana. Darajar lek ta tashi har yuro ɗaya ya koma wajen lek 100 a 2024, abin da ya rage ribar mai fitar da kaya da ƙimar aiken ɗan ci-rani a lokaci guda. Duk da haka, tun da aka raba gandu, wannan ne karo na farko da gidan ke ci daga abin da yake sayarwa.

## Abin da nazarin ya nuna

Mai saurin hukunci zai dubi 1996 ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Ban ga adalci a tsaya nan ba. An saki mutanen da aka hana sanin kasuwa shekara arba'in da biyar, kuɗi ya shigo hannunsu da yawa a lokaci ɗaya, banki bai amsa musu ba, hukuma kuma ta tsaya kusa da masu damfara tana murmushi. Laifi mafi nauyi na gwamnatin da ta ga alamun ta yi shiru ne saboda zaɓe. Raba kuɗin gida biyu bai ceci maigidan ba domin kamfanonin duka daga aljihu ɗaya suke ci.

Shago da bas sun faɗi ne saboda masu sayensu da kuɗin Girka suke saye. Ranar da Girka ta tsaya, jari da ciniki suka tsaya tare. Benen kuwa ya ba iyaye mutunci da wurin kwana, ba na raina wannan, amma bai taɓa kawo ko sisi ba.

Rumfar ta tsaya da ƙafarta domin mai sayen tumatir ɗin yana wata ƙasa, kuma abin da aka zuba mata ba kuɗi kaɗai ba ne. A ganina takardar 1998 ta fi kowane aike amfani ga wannan gida: ita ta ba mutumin damar zama wuri ɗaya har ya ƙware. Gonar da dokar 1991 ta raba, duk da ƙanƙantarta, ita ta ba shi wurin dawowa, hanya da kasuwa kuma aikin hukuma ne da ba ɗan ci-ranin da zai iya yi wa kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin aike ya daɗe yana sauke wa gwamnatoci nauyin da ke kansu, mutane kuma na ci gaba da fita. Ƙidayar 1989 ta samu mutum kusan miliyan 3.2 a Albaniya, ta 2023 ta samu kimanin miliyan 2.4. Shekarun da mai rumfar ya biya inshora a Girka sun daɗe a rataye, saboda jinkirin ƙasashen biyu wajen ƙulla yarjejeniyar fansho. A lokacin girbi yana neman ma'aikata yana rasawa, ladan yini na ta hawa. Ƴaƴansa da suka tashi a Kirit sun fi iya Girkanci da rubutun Albaniyanci, babbansu kuma yana koyon Jamusanci don ya bi ƙanin ubansa.